Zaren da Iya Ta Ƙi Saki

Ranar sunan ƙaramar jikata na zauna a gefen rumfa ina kallon 'yan mata suna ɗaukar hoto da waya. Su haɗa kai, su tsuke baki, su ɗauka, sai duk su rufu a kan wayar suna dubawa. Wata ta ce, "Goge shi, hancina ya yi girma." A goge, a sake. Kafin a sauke tukunyar shinkafa sun ɗauki abin da Sule Mai Hoto ba ya ɗauka daga kaka zuwa kaka, kuma ban ga wadda ta riƙe numfashinta ba. Ban ce abin ba kyau ba. Ni ma akwai jikokina a wayata, idan na gaji da tsintar wake nakan buɗe in duba su. Abin da ya tayar mini da tsohon zance shi ne jikana Abba, mai karatun kwamfuta a Kano, da ya zo ya zauna kusa da ni bayan la'asar ya ce yana so ya kwashe tsofaffin hotunan gidan nan ya zuba a kwamfuta kafin gara da danshi su cinye su. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsana ba, ya ce hotunan garinmu kaf za su shige ciki har a sami sauran wuri. Na shiga ɗaki na ɗauko masa kwallar da nake ajiya a ciki. Ba su da yawa. Na ce ya kula da wanda ke naɗe a ƙyalle.

Garinmu gida kusa da gida ne, gona kusa da gona, idan ana daka a gidan maƙwabta za ka iya gane taɓaryar wace ce. Saboda haka ba a buƙatar shela idan Sule ya shigo. Daga wajen Ɗanbatta yake zuwa a kan keke, da ƙahon roba da yake matsawa tun daga bakin rijiya, kyamara rataye a wuyansa cikin jakar fata, zane mai hoton bene naɗe a bayan keken. Sai ya kafa zanen a jikin katangar zaure, maza su fito da rigunan da ke ƙanshin adaka, wannan ya ari agogon wancan, wancan ya ari rediyon wannan ya ɗora a cinya. A tsaya ƙiƙam kamar ana sauraron hukunci. Ka ji ƙyas, sannan ka ji ƙarrr ya ja fim gaba da babban yatsa. Shi ke nan, sai jira. Fim sai ya cika ake kai shi Kano a wanke, kuma cikarsa tana hannun bukukuwa da 'yan makaranta masu neman ƙaramin hoto. Akwai wanda aka ɗauka gero bai fitar da kai ba, bai ga fuskarsa ba sai da aka ɗaure dami. A tsakanin nan ba wanda ya san yadda ya fito, har shi Sulen. Idan ka ƙifta ido ka ƙifta ke nan, haka jikokinka za su san ka.

Duk wannan harkar maza ce. Matan gidanmu suna kulle, Sule kuwa iyakarsa zaure. To sai ya yi dabara. Yana da wata igiya da ya ƙulle bakinta biyu. A zaure zai murɗa idon kyamarar ya daidaita shi da tsawon igiyar, ya leƙa ya kalli rana, ya sake murɗa wani abu, sannan ya miƙa wa yarinya ta shiga da ita. Wadda za a ɗauka ta riƙe baki ɗaya a haɓarta, mai ɗauka ta riƙe ɗaya a kuncinta ta ja baya har igiyar ta miƙe, sai a saki ta faɗi, a danna. Dabarar ta yi, hannun da zai riƙe ne aka rasa. An yi hoton da aka sare wa amarya kai, an yi wanda akuya ce kawai ta fito sosai.

Ni a lokacin ina makarantar kwana ta mata, na dawo hutu. Irin yaran nan ne ni da za a gaisa da su sai an ce, "Me kika ce?" Idan aka neme ni a bayan rumbu ake samuna da littafi. Babanmu malamin allo ne, kuma bai cika son hoto ba, amma ya ga ana ɓata wa Sule fim, sai wata rana ya kira ni zaure ya ce, "Sule, gwada wannan. Ba ta magana, amma tun da take ɗebo ruwa ban taɓa ganin ya zuba mata a wuya ba." Na durƙusa ina kallon tabarma. Sule ya koya mini in manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in rufe ido ɗaya, in ja numfashi in riƙe. "Kada ki soka yatsa," in ji shi. "Danna a hankali, kamar mai taɓa maɗigar jariri." Tun daga nan duk hutu ni nake shiga gidajen unguwarmu da kyamarar Sule. Na ji daɗin abin don wani dalili da ban faɗa wa kowa ba: idan kyamara tana fuskata ba wanda ke kallona, ni ce nake kallon kowa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Iya Habi, mahaifiyar Baba. Idan na tunkare ta sai ta ce, "Ƙawata, wuce da akwatinki. Mai son ganina ya zo, ɗakina ba shi da ƙyaure." Iya makaɗiyar zare ce. Da hantsi za ta zauna a bakin ɗakinta, taskirar auduga a gefe, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ya riƙa juyawa a kan 'yar fata yana wani siririn kuka da ba ka jinsa sai an daina daka. Hannunta na hagu ya yi sama, zare ya biyo shi kamar dama yana cikin audugar yana jiran a kira shi. Masaƙa har daga wajen Makoda suke aiko a saya musu zarenta. Ta yi ƙoƙarin koya mini ban iya ba, amma abu ɗaya ya zauna mini, don kullum sai ta faɗa: zare ba ya taɓa ƙasa. "Idan ya sha ƙasa masaƙi zai gani," in ji ta, "kuma ba ƙasar zai zaga ba, ke zai zaga." Ko guntun da ya tsinke ne, a bakinta take riƙe shi har ta sami inda za ta sa.

Iya tana da 'yar fari, Gwaggo Rakiya, wadda ban taɓa gani ba. Tun kafin a haife ni ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya noma, zama ya miƙe, 'ya'ya suka zo. Iya ba ta kiran sunanta, kamar yadda matan lokacin ba sa kiran sunan ɗan fari, kuma ba ta tambayar labarinta. Idan dole ta kama sai ta ce "mutanen can". Ni da ƙuruciya na ɗauka ta manta da ita ne.

Wata bazara wani dattijo, Alhaji Isiyaku, mutumin ƙauyen da ke bayanmu wanda shi ma a Sudan ɗin yake zaune, ya zo ganin dangi. Ya sauka a zaurenmu da saƙon baki. Baba ya shigo ya tsuguna a bakin ɗakin Iya, ina bayan rumbu ina ji. Ya ce Rakiya tana gaisuwa, tana lafiya, 'ya'yanta sun girma suna tambayar kamannin kakarsu. Sannan ya ƙara da cewa ta ce ita kanta idan ta rufe ido tana neman fuskar sai ta ga tana ɓace mata, idan da hali a aiko da hoto. Alhajin zai koma kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. Iya ba ta ɗago ba. Mazari ya ci gaba da juyawa, sai na ji kukansa ya tsaya. Zaren ya tsinke. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya tsinke mata a tsakiyar ja ba. Ta ce wa Baba, "Audugar bana ba ta da kyau," ya tashi ya fita.

Washegari ina shara ta kira ni. "Ƙawata, mai keken nan naku, yaushe yake zuwa?"

"Ranar kasuwa, Iya."

"To. Ba don kowa ba, don ku daina damuna."

Sule ya zo, amma da labari mara daɗi. Ya yi biki a hanya, saura ɗauka ɗaya a fim ɗin, kuma ba shi da wani sai ya je Kano. Idan aka jira ya sayo sabo ya dawo ya sake komawa wanki, Alhaji Isiyaku ya daɗe da tafiya. "Guda ɗaya ce, 'yar Malam," in ji shi, yana murɗa idon kyamarar. "Idan ta ƙifta, ta ƙifta. Idan hannunki ya motsa, sai dai mu ba su haƙuri. Ki zaunar da ita inda rana ke dukan bangon rumbu, kuma ki yi kafin inuwar katanga ta iso." Baba yana gefe yana gyara alƙalami. Bai ɗago ba ya ce, "Wannan na zumunci ne. Ki yi bisimilla."

Na shiga na tarar tsakar gida ta cika. Matan maƙwabta sun ji ta kan katanga, har Ladi mai ƙuliƙuli ta baro kaskonta. Iya ta fito cikin baƙin zanen saƙi da take adanawa, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, fuskar nan a ɗaure.

"Yau amarya za a kai Sudan," in ji Ladi. "A kawo lalle."

"Ke dai je ki duba kaskonki," in ji Iya, "ina jin ƙauri tun daga nan."

Na miƙa mata bakin igiyar Sule. Ta karɓa da yatsu biyu ta juya ta. Igiyar ta sha hannu da gumi har ta yi baƙi. "Wannan ce zan sa a haɓata? Wannan ai ta ɗaure akuya ce. Kuma wadda ta kaɗa ta rago ce, dubi ƙulli." Ta sa aka miƙo taskira, ta zaro abawa fara tas, irin zarenta mai kauri, ta gwada da igiyar, ta datse da haƙori. Na karɓa na sake gwadawa da kaina, baki da baki, na kuma sakewa, mata suna dariya wai malama tana duba jarrabawa. Tsawon ya yi daidai. Na naɗa bakina a yatsan da zan danna da shi don kada ya kuɓuce, na ja baya har zaren ya miƙe, na ɗora kyamara a fuska. A cikin ɗan tagar nan na ga Iya ƙarama, bangon rumbu a bayanta, inuwar katanga ta kusa taɓa ƙafarta.

"Iya, saki zaren," na ce.

"In saki ina?"

"Ƙasa."

"Inda kaji suka gama bi?"

"Zai fito a hoton."

"To ya fito mana. Ɗan wani ne shi?"

Daga zaure muryar Sule ta taso, yana cewa a gaya wa 'yar Malam rana ba ta jira. Ladi ta matso za ta karɓi zaren, Iya ta kawar da hannu ta sauke shi daidai ƙirjinta. Mutane sun yi yawa, ban iya sake roƙonta ba. Sai na ɗan ja zaren a hankali, ko za ta sake shi ya taho wajena. Ta ja. Na sake ja, ta sake ja, kuma a cikin tagar na ga fuskar nan da ta ɗaure tun safe ta fara kwancewa, idonta ya yi irin ƙyallin da yake yi idan ta ɓoye mini littafi a ƙarƙashin tabarma tana kallona ina nema. Ƙyas.

Har yau ban sani ba ko ni na danna, ko jan da ta yi ne ya danna yatsana. Abin da na sani shi ne ban riƙe numfashi ba, gwiwar hannuna ba ta manne ba, kuma na ji kyamarar ta motsa. Na kai wa Sule ita. Ya gwada jan fim, ya ƙi tafiya, ya ƙare. "Ta saki igiyar?" ya tambaya. Na girgiza kai. "Hannunki fa?" Ya dube ni, ya rataya jakarsa, ya ce Allah ya sa a dace.

Yaran yanzu ba su san wannan jiran ba, kuma ba na yi musu fatan sa. Hoton yana nan a cikin duhun fim, ya riga ya zama abin da zai zama, amma ba mai iya leƙawa. Na riƙa buɗe littafi ina karanta layi ɗaya har rana ta karkata. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, maza suna gyaran garma, aka ce Alhaji Isiyaku ya fara sallama da dangi. Duk ƙahon da na ji sai gabana ya faɗi, ashe mai gyaran bokiti ne. Ina tuna Gwaggo Rakiya da ban sani ba, tana can tana neman fuskar uwarta, ni kuma wataƙila na aika mata da hazo. Iya kuwa ko a jikinta. Da ta ga ba na cin tuwo sai ta ce, "Ƙawata, idan bai fito ba ai ni ce ban fito ba, ke mene ne naki?" Amma na lura duk lokacin da keke ya wuce ta bayan katanga, mazarinta yakan ɗan tsaya.

Ana gobe Alhaji zai tashi Sule ya iso, ƙura har gira. Ya miƙa wa Baba ambulan, Baba ya duba ya daɗe, sannan ya miƙo mini. Hoton ya fito tar. Kowane layi na fuskarta, tsagen kuncinta, saƙar zanen, da murmushin da bai gama fitowa ba. Daga yatsunta kuma farin zare ya taso ya ratsa hoton, siriri a wajenta, yana kauri yana dusashewa har ya fice ta ƙasa. "Da ba don wannan ba da na kafa shi a shagona," in ji Sule. "Da akwai lokaci da na sa an shafe shi a Kano." Guda biyu ya wanko.

Na kai wa Iya. Ta goge allin hannunta a zane, ta karɓa, ta nisanta shi da idonta. "Tsohuwar nan ta yi kama da uwata," ta ce. Ta ƙara dubawa. "Kin ga zaren kuwa? Sumul, ba ƙulli ko ɗaya." Ta ɗauki guda ta naɗe a ƙyalle, ta zaro abawar nan da muka yi awo da ita, wadda ashe ta adana a taskira, ta ɗaure ƙunshin da ita. Ta ce in kai wa Baba ya ba baƙonsa, ya kai wa mutanen can. Ɗayan ta tura mini da yatsa. "Ke kika sha wahalarsa."

Amsa ba ta zo ba sai bayan damina ta wuce wata ta sake wucewa, ta bakin wani mai dawowa. Ya ce da Gwaggo Rakiya ta kwance ƙunshin ta kalli fuskar ba ta gane ta ba, don ita mace mai ƙarfi ta bari, ba tsohuwa ba. Sai idonta ya sauka a kan hannun, yadda babban yatsa da manuni suka kama zaren, ƙaramin yatsa a tashe. Nan ta zauna a ƙasa. Da Baba ya faɗa wa Iya, ta murza mazarinta ta ce, "Ita dama ba ta taɓa iya kaɗi ba, sai dai ta zauna ta zuba wa hannuna ido." Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kan 'yarta. Ba su sake ganawa ba.

Na gama makaranta, na koyar, na yi aure, na tsufa. Sule ya kai lokacin da kyamara mai allo a baya ta shigo, har ya sayi ɗaya. Na gamu da shi a wani biki, gemu ya yi fari, mutane sun kewaye shi kowa na cewa a nuna masa, a goge, a sake. Ya ce da ni, "'Yar Malam, yanzu ba a yi mini addu'a idan zan tafi Kano." Masu wankin fim suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Daga baya waya ta zo, kowace mace ta zama mai hoton kanta a cikin ɗakinta, ba ta buƙatar yarinya ko igiya, kuma wannan alheri ne, na sani. Sai dai abin da ba a jira ba, ba a cika adana shi ba. Ɗana ya tara hotunan aurensa da na 'ya'yansa a ɗan memori guda, wata safiya ya buɗe aka ce babu komai a ciki. Ya yi kwana biyu yana jimami, ya ci gaba da ɗaukar wasu.

Abba ya dawo da kwallata a ƙarshen mako, da kwamfutarsa a jaka. Ya ɗora ta a kan tabarma ya buɗe hoton Iya, ya cika allon. Ya ja shi ya ƙara girma, sai ga yatsunta kamar zan taɓa, har da farin alli a bakin farce. Shekara da shekaru ina kallon hoton nan ban taɓa ganin allin ba. Na ce ya bar shi haka tukuna, ya bari.

Can ya ce, "Hajiya, kin ga ya yi kyau, sai dai wannan farin layin da ya karce shi. Yanzu zan share miki shi, ba za ki ma san an yi ba."

Na riƙe wuyan hannunsa. "Angona, wa ya ce maka karcewa ce? Zare ne. Bi shi ka gani."

Ya ɗora yatsa a kan allon, ya taso daga hannun Iya, ya biyo shi a hankali har ƙasa, inda ya yi kauri ya dusashe. "Ya fita daga hoton," in ji shi. "Ina ya tafi?"

Na ɗaga masa manunina na dama.

"Nan," na ce. "Bar shi yadda yake. Ba ta saki ba, ni ma ban saki ba."